Takardar Da Ta Kashe Wutar Yaƙi Ba Hajar Gwanjo Ba Ce

Wani abokina da ke karatu a Ingila ya turo mini shafi ɗaya na kundin gwanjo, irin wanda dillalan kayan tarihi ke bugawa kafin ranar ciniki. Hoto ne na ranar da Japan ta miƙa wuya a 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da sa hannun Admiral Chester Nimitz na Amurka a jikinsa. A ƙasa an yi bayanin lafiyar hajar: tawada ba ta koɗe ba, kusurwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe, ga kuɗin da ake sa ran za ta yi. Sai ya biyo da saƙo: "Mutumina, da Allah zai hore mini, asalin takardar miƙa wuyan zan nema in saya, in kafa a falona."

Hoton bai dame ni ba. Nimitz ya sa wa irinsa hannu da yawa ya rarraba wa mutane, wanda ya samu ya sayar abinsa ne. Maganar falon ce ta tsaya mini a rai.

Ga matsayina tun da wuri. Asalin takardar da aka rattaba wa hannu aka tsayar da yaƙi mallakar al'ummar da aka zubar da jininta ce, da ɓangaren da ya ci da wanda aka ci. Mazauninta ma'adanar takardun ƙasa, inda ɗalibi ko jikan soja zai je ya ce a nuna masa. Mai sha'awar tara kayan tarihi ya tara hotuna, da wasiƙun sojoji, da jaridun ranar, da katunan tunawa, ba ni da ja. Amma uwar takardar, komai kaurin aljihunsa, bai kamata a sayar masa ba, bai kamata shi ma ya taya ba.

Janar ɗin da ya riƙe asali ya aika kwafi

Ranar 4 ga Mayu, 1945, a cikin wani tanti kusa da garin Lüneburg a arewacin Jamus, wakilan sojan Jamus ƙarƙashin Admiral von Friedeburg suka sa hannu cewa dakarunsu da ke Holan da Danmak da arewa maso yammacin Jamus sun ajiye makamai. Bernard Montgomery na Birtaniya ne ya karɓa.

Babbar hedikwatar sojojin ƙawance, wato na Birtaniya da Amurka da abokansu, ta ce ya aiko da takardar. Sai ya ɗauki hotonta ya aika musu, ya adana asalin a wurinsa. Shi da bakinsa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa, yana alfahari, har da cewa ba zai taɓa rabuwa da ita ba.

Ba na raina Montgomery, ya yi yaƙi tun daga hamadar Masar. Amma takardar ba wasiƙa ce aka rubuto masa ba. A madadin rundunoni ya karɓe ta, a madadin dubban matasan da ba su kai ga ganin wannan rana ba. Kuma a ƙarshen rayuwarsa ɓarayi sun fasa gidansa sun kwashe kaya masu daraja, har ya fito a talabijin yana roƙon a maido, ba a maido ba. Ita takardar ta tsira, yanzu tana gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a Landan. Sa'a ce kawai ta tserar da ita, kuma ba a jingina hujjar ƙasa da sa'a.

A kwatanta da yadda aka yi a kan jirgin ruwan yaƙi na Missouri a mashigin Tokyo ranar 2 ga Satumba, 1945. Kwafi biyu aka shirya, duka aka sa musu hannu. Ministan harkokin waje Mamoru Shigemitsu da Janar Yoshijiro Umezu suka sa wa Japan, Janar Douglas MacArthur ya sa wa ƙawance, sai wakilan ƙasashe tara suka biyo. Ɗaya kwafin yana ma'adanar ƙasa a Washington, ɗayan yana ma'adanar ma'aikatar harkokin wajen Japan a Tokyo.

Su ma mutanen jirgin suna son abin tunawa, an kuma ba su. MacArthur ya yi amfani da alƙaluma da dama wajen sa hannu, ya miƙa ɗaya ga Janar Jonathan Wainwright, ɗaya ga Janar Arthur Percival, waɗanda dukansu sun sha ɗaurin fursunan yaƙi a hannun Japan. An buga ƙananan katuna aka raba wa waɗanda ke kan jirgin, shaidar sun halarta. Wannan shi ne rabon da ya dace: alƙalami da kati na mutane, takarda ta ƙasa.

Wawason abin tunawa kuwa ba yau ya fara ba. Da Janar Robert Lee ya miƙa wuya ga Janar Ulysses Grant a Appomattox ranar 9 ga Afrilu, 1865, a ƙarshen yaƙin basasar Amurka, a falon gidan wani Wilmer McLean aka zauna. Ana tashi hafsoshi suka far wa kayan ɗakin. Janar Philip Sheridan ya ba da dala 20 ta zinariya ya ɗauke teburin da Grant ya yi rubutu a kai, ya ba wani hafsa, George Custer, ya kai wa tasa matar. Har 'yar tsanar yarinyar gidan sai da wani hafsa ya yi gaba da ita. Abin dariya, abin takaici. Amma tebur ko ya ɓace abin kallo aka rasa. Takarda idan ta ɓace hujja aka rasa.

"Ai da kuɗinsa ya saya"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma a fuska tana da ƙarfi. Mai kaya ya yarda, mai saye ya yarda, ina ruwan na gefe?

Tambayar ita ce, shi mai sayarwar kayansa ne?

A ɗauka garuruwa biyu sun yi shekaru suna rikici kan fadama, har an rasa rai. Aka zauna gaban hakimi, aka shata iyaka, aka rubuta, dattawan kowane ɓangare suka dangwala yatsa, aka ba dagaci ajiya. Dagaci ya rasu, 'ya'yansa suka zo rabon gado. Wane alƙali ne zai lissafa wannan takarda cikin dukiyar mamaci, tare da shanu da gonaki? Amana ce aka ba shi saboda rawanin da ke kansa. Ɗansa ko ya sayar, bai sayar da abinsa ba, wanda ya saya kuma bai mallaka ba.

Dokar wasu ƙasashe a kan haka take. A 1865, ana dab da gama yaƙin basasar Amurka, wani soja na ɓangaren jihohin arewacin ƙasar ya ɗauke kwafin jihar North Carolina na takardar 'yancin 'yan ƙasa daga ginin majalisa a Raleigh, ya kai gida ya sayar a kan dala 5. Takardar ta yi sama da shekara ɗari a hannun mutane. An sha yi wa jihar tayin ta saya, tana cewa ba za ta biya kuɗi a kan abin da yake nata ba. A 2003 jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi shigar masu saye a Philadelphia, aka kawo takardar, suka ƙwace. Daga ƙarshe kotu ta tabbatar wa jihar. Daɗewar kayan jama'a a hannunka ba ta mayar da shi naka.

"Gwamnati ba ta iya ajiya ba"

Nan ne masu adawa da ra'ayina suka fi ni riƙe da gaskiya, kuma ba zan yi musu rowar yarda ba.

Duk wanda ya taɓa neman tsohon fayil a ofisoshin ƙasashenmu ya san labarin: rufi na yoyo, gara ta ci, ɓera ya yi sheƙa, babu wuta balle na'urar sanyaya ɗaki, mai riƙe da makulli ya tafi ɗaurin aure. Mutumin da ya zuba miliyoyi a kan takarda ba zai bar ta a irin wannan hali ba. Zai sa ta a gilashi, ya kiyaye ta daga rana da danshi, ya yi mata inshora.

Manyan ƙasashe ma ba su tsira ba. A 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji a St. Louis ta Amurka, ta cinye fayiloli fiye da miliyan 16. A Timbuktu kuwa, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali a 2012, iyalai masu ɗakunan littattafai na gado ne suka yi ta ɗura rubuce-rubucen a akwatuna ana sulalewa da su zuwa Bamako, ta mota da ta kwale-kwale. Da gwamnati aka jira, da labarin ya sha bamban.

Akwai kuma attajiri mai hankali. A 2007 David Rubenstein ya sayi kwafin 1297 na Magna Carta, tsohuwar takardar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, a gwanjo a kan dala miliyan 21.3, ya kai ma'adanar ƙasa a Washington ya ba da aro domin kowa ya gani.

Duk na ji. Amma a duba misalan da kyau. Mutanen Timbuktu ba saye suka yi don ƙawata falo ba, gadon ilmi ne suka riƙe, kuma masu bincike na shiga su karanta. Shi Rubenstein abin da ya sa ake yaba masa shi ne bai kai ta gida ba. Ashe ko a misalan masu adawar, abin yabon shi ne buɗe wa jama'a ƙofa. To don me za a bar buɗe ƙofar ga halin kirkin mutum ɗaya? Yau an dace da mai kirki. Gobe ya mutu, magada su yi sha'awar kuɗi, takarda ta koma gwanjo, wani da ba a san sunansa ba ya taya ta waya, shi ke nan ta shige akwatin banki a wata ƙasa.

Sannan akwai abin da masu kare kasuwar ba sa son a ambata. Farashi na kiran ɓarawo. A 2011 aka kama Barry Landau, mutumin da ya yi suna wajen tara kayan tarihin shugabannin Amurka, bayan an ga abokin tafiyarsa yana sace takardu a ɗakin karatun ƙungiyar tarihi ta Maryland a Baltimore. Da aka bincika gidansa aka sami dubban takardu da aka kwaso daga ma'adanai daban-daban. Ya sami ɗaurin shekara bakwai. Farashin kuma na kiran maƙerin jabu. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta biya fiye da mak miliyan 9, kuɗin Jamus na lokacin, a kan wasu kundaye da aka ce Hitler ne ya rubuta da hannunsa, ashe wani Konrad Kujau ne ya zauna ya zana abinsa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Ma'adanar da aka yi wa sakaci ita ke ba ɓarawo hanya. Maganin shi ne a gyara rufin, a biya ma'aikata, a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a wurare daban-daban. Attajirin da ke ƙaunar tarihi da gaske, ga inda kuɗinsa zai yi aiki. A rubuta sunansa a ƙofar ɗakin da manyan baƙaƙe, ba wanda zai ji haushi.

"Tunda akwai hotonta a intanet, mene ne na damuwa?"

Ga mai son karanta abin da aka rubuta, hoto ya wadatar. Ranar gardama ce ake neman asali, kamar dai yadda alƙali ke ture kwafi ya ce a kawo masa ta ainihi.

Ita ta ainihin tana ɗauke da abin da sake bugawa ke shafewa. A kwafin Japan na kan Missouri, wakilin Kanada, Kanar Lawrence Cosgrave, ya sa hannu a layin da ba nasa ba. Waɗanda suka biyo bayansa kowa ya gangara layi ɗaya, har na ƙarshe, wakilin New Zealand, ya rasa layi ya sa a farin wuri a ƙasa. Wakilan Japan suka nuna damuwa. Janar Richard Sutherland ya ɗauki alƙalami ya soke sunayen ƙasashen ya gyara da hannu, yana sa alamar sunansa a gefen kowane gyara. Mai shakkar wannan labari yana iya zuwa Tokyo, gani ya kori ji.

Wani lokaci bambancin kwafi da kwafi rayuka yake ci. Yarjejeniyar Wuchale ta 1889 tsakanin Sarki Menelik na Habasha da Italiya an rubuta ta da harsuna biyu. Sashe na 17 a Amharik ya ce Habasha tana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen waje idan ta so. A na Italiyanci ya zama dole. A kan haka aka gwabza a Adwa a 1896, Habasha ta yi nasara, aka sake wata yarjejeniya a Addis Ababa da ta soke ta farko.

Mu ma abin ya taɓa mu. Cikin hujjojin da Lugard ya kafa na yaƙar Sakkwato a 1903 akwai wasiƙar da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ke cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Fassarar Turancin ce ta yaɗu a littattafai. Masana tarihi sun nemi asalin ta Larabcin ba su gan ta ba, shi ya sa har yau ake muhawara a kanta. Da tana nan a inda kowa zai duba hannun magatakarda da hatimi, da an daɗe da rufe zancen.

Yanzu kuma da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoton takardar da ba a taɓa rubutawa ba, har da tambari da tsufan takarda, buƙatar asalin da ke hannun hukuma mai amana ta ƙaru.

Sa hannun wa ake so?

Wani abu da ke ba ni mamaki a wannan kasuwa shi ne ido na kan sa hannu, ba a kan abin da aka sa wa hannun ba. Kundin gwanjo zai cika shafi da bayanin tawada, ba zai ce uffan kan sharuɗɗan ba.

Alhali sulhu a kalmomi yake. Mun karanta a Sira yadda aka yi a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Sayyadina Ali na rubutu, Suhailu ɗan Amru na tsayar da shi a kan lafazi, tun daga buɗewar takardar har zuwa yadda za a ambaci Manzon Allah (SAW). Abin da ya zame wa Sahabbai nauyi a ranar, da abin da ya zama buɗi daga baya, duk a cikin sharuɗɗan suke.

Kuma a tuna su wa ke sa hannu a takardar miƙa wuya. Alfred Jodl ne ya sa wa Jamus a Reims ranar 7 ga Mayu, 1945. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya ce bai wadatar ba, aka sake a Karlshorst ta Berlin a daren 8 ga wata, Wilhelm Keitel ya sa. Dukansu biyu kotun Nuremberg ta same su da laifukan yaƙi, aka rataye su ranar 16 ga Oktoba, 1946. A ma'adana, sa hannun Keitel shaida ce cewa mulkin Nazi ya durƙusa. A bangon ɗakin wani, tsakanin hular sojan Nazi da wuƙarsu, ma'anar na iya juyewa. Ba kowane mai tarawa nake zargi ba, mafi yawansu son tarihi ne kawai. Amma dillali ba ya tambayar mai saye niyyarsa.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan gardamar masu ƙoshi ce, mu muna fama da kuɗin masara. Ba na musun yunwa. Sai dai takardar kan Missouri ta shafi gidajenmu kai tsaye. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau), cike da 'yan Nijeriya, Hausa na cikin harsunan da ake ba da umarni da su. Sa hannun nan ne ya sa aka fara shirin maido su gida, su ne muka taso muna kira 'yan mazan jiya. Takardun sallama da lambobin da suka bari na iyalansu ne, su adana ko su ba gidan tarihi, zaɓinsu ne.

Muna kuma da tamu. Ranar 15 ga Janairu, 1970, a Barikin Dodan a Legas, Philip Effiong, wanda jagoran Biyafara Ojukwu ya bar wa ragama, ya tsaya gaban Janar Yakubu Gowon ya bayyana cewa Biyafara ta daina wanzuwa, sun karɓi ikon gwamnatin tarayya da tsarin jihohi goma sha biyu, tsarin mulkin gaba kuma wakilan jama'ar Nijeriya ne za su tsara shi. Da haka aka rufe yaƙin wata 30. Ƙasar da ta shiga wannan yaƙi bayan Gowon da Ojukwu sun dawo daga taron sulhu na Aburi ta Gana a Janairun 1967 kowa da tasa fahimtar abin da aka amince a kai, ita ce ta fi kowa sanin tsadar rubutacciyar magana.

Ɗalibai nawa ne a Kano ko Owerri suka taɓa ganin ko da hoton wannan takarda a littafin makaranta? Mun yi shekaru ma da cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu kafin a maido shi. Ga matasa na ta zage-zage a Facebook kan wa ya ce me a 1970, kowa na kafa hujja da abin da ya ji.

Muna da ma'adanar takardun ƙasa tun 1954, wadda Kenneth Dike ya yi fafutukar kafawa, da rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, da gidan tarihin yaƙi a Umuahia. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya, shugabanni su ajiye furanni, a saki tantabaru. Abin da nake nema kaɗan ne: a wannan rana a fito da takardar a gilashi jama'a su gani, a buga hotonta a littafin kowane ɗan sakandare da fassara cikin Hausa da Igbo da Yarbanci, a kuma roƙi iyalan tsofaffin hafsoshi na ɓangarorin biyu, duk wanda ke da takardar aiki ta lokacin a akwatin mahaifinsa ya kawo a yi mata rajista, a ba shi kwafi da takardar godiya.